Kyamarar da Ke Tsayawa a Filin Rawa

Duk wanda ya taɓa kwana a Ingall cikin watan Satumba ya san yadda garin ke sauya kama. Damina ta fara ja da baya, filin Irhazer ya yi kore shar, ga raƙuman Abzinawa sun sha ado, ga jajayen shanun Woɗaaɓe masu dogon ƙaho, kowa ya koro dukiyarsa zuwa lasar gishiri, bikin da duniya ta sani da sunan Cure Salée. Na taɓa tsayawa bayan wata rumfa ina kallon wani saurayi a tsugune, ɗan madubi a tafin hannunsa. Ya shafa rawayar ƙasa a fuska, ya ja farin layi daga goshi zuwa kan hanci, ya baƙanta leɓe. Kafin ya gama kafa gashin jimina a rawaninsa, kyamara huɗu sun kewaye shi. An ɗauki idonsa, an ɗauki haƙoransa. A cikin masu ɗaukar babu wanda ya tambaye shi inda shanunsa suka sha ruwa jiya, ko inda za su sha idan rani ya yi tsanani.

Ingall ba baƙon kyamara ba ne. Tun 1989 Bajamushe Werner Herzog ya fitar da fim a kan rawar Woɗaaɓe na Nijar, wasu da yawa suka bi sawunsa. Cikin shekarun 1990 kuma masanin nan na Amurka, Paul Sereno, ya tono ƙasusuwan manyan dabbobin farkon duniya a wannan yanki, aka yi ta nuna su a talabijin. Rawa ta samu masu ɗauka, ƙashin da ya shekara miliyoyi a ƙasa ya samu. Amma da mai kyamara zai ɗan ƙara gaba ya nufi arewa, da ya isa Tegidda-n-Tesemt, inda mutane ke kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan marmaro, su tace cikin ƙananan ramuka ɗaruruwa, ja da rawaya da ruwan ƙasa, su bar wa rana sauran aikin. Kusa da nan Azelik yake. Masu binciken kufai suna ganin nan ne tsohuwar Takedda, garin tagulla da Ibn Battuta ya sauka a 1353, har ya rubuta cewa ana kai tagullarsa Gobir da Barno. Wato wannan ƙasa ta san kasuwar nesa tun kafin a haifi kakannin masu koya mana ita yanzu. Abin da ya sauya shi ne wanda ke yanka farashi da wanda ake bari da ramin.

A 2007, shekarar da farashin yuraniyom ya haura dala 130 kan laba ɗaya, gwamnatin Tandja Mamadou ta raba izinin bincike fiye da ɗari a arewa, aka kuma kafa kamfanin SOMINA domin haƙar ma'adinin Azelik. Kamfanin nukiliya na gwamnatin Sin ya riƙe kashi 37 da ɗoriya cikin 100, gwamnatin Nijar kashi 33. A watan Yulin wannan shekara 'yan tawayen MNJ suka kama wani babban ma'aikacin Sinawan a yankin Ingall, suka sake shi bayan 'yan kwanaki. Zuwa 2010 jaridun waje na ruwaito cewa ma'aikata 'yan ƙasa sun laƙaba wa wurin suna Guwantanamo. An shiga yajin aiki a 2013. Makiyaya sun yi ta kuka a kan ruwa da hanyar dabbobinsu. Daga baya, da bala'in nukiliyar Fukushima na 2011 ya karya farashi, injuna suka yi shiru wajen 2015, ma'aikata suka watse. A 2023 aka sa hannu kan yarjejeniyar sake buɗewa. Duk abin da mai fim ke nema yana cikin wannan labari, amma yawancin kyamarori a filin rawa suke tsayawa.

Akwai wani reshe na sana'ar fim da ya taso domin irin wannan labari, fim ɗin gaskiya, wanda ba 'yan wasa a cikinsa sai masu abin da kansu. Ya yi ƙarfi ne a lokacin da talakawan ƙasashe da dama suka tashi tsaye a kan tsarin da ake kira dunƙulewar kasuwannin duniya. A sauƙaƙe, tsarin yana cewa: buɗe iyakarka ga kuɗi da kaya, sayar da kamfanonin gwamnati, janye tallafi, rage ma'aikata, biya bashi kafin komai. Mu a Nijar mun san ɗanɗanonsa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai suna zanga-zangar ƙin tsuke bakin aljihun ilimi. A Janairun 1994 aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Can waje kuma, a ƙarshen 1999 masu zanga-zanga suka tsayar da taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a birnin Siyatil na Amurka, a 2001 aka buɗe taron ƙungiyoyin talakawa a Porto Alegre ta Barazil, taron da ya iso Bamako a 2006, Nairobi a 2007, Dakar a 2011.

Fina-finai sun raka wannan yunƙuri. Stephanie Black ta nuna a Life and Debt, na 2001, yadda madarar gari mai araha daga waje ta sa masu shanu a Jamaika suna zubar da madararsu a ƙasa. A The Take, na 2004, Avi Lewis da Naomi Klein sun bi wasu ma'aikata talatin a Ajantina da suka koma masana'antarsu bayan mai ita ya rufe, suka share ƙura, suka nemi izinin tafiyar da ita da kansu. Amma wanda ya fi kusa da zuciyata shi ne Bamako na Abderrahmane Sissako, na 2006. Rabinsa shiri ne, rabinsa gaskiya. Ya kafa kotu a tsakar gidan mahaifinsa a unguwar Hamdallaye, ya gurfanar da Bankin Duniya da IMF, ya kawo lauyoyi na ainihi da shaidu irin su Aminata Traoré. Ana shari'a, mata na rini a gefe, yara na giftawa, wani mara lafiya na kwance a ɗaki. Da wani dattijo ya miƙe ya rera kokensa da harshensa, Sissako bai sa fassara ba. Ya bar baƙo ya ji nauyin rashin fahimta, kamar yadda dattijon ya daɗe yana jin ana yanke hukunci a kan rayuwarsa da harshen da ba ya ji.

Nijar ma ta yi nata tashin, kuma ta ci nasara. Kasafin kuɗin 2005 ya ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan madara, fulawa, sukari, ruwan famfo da wutar lantarki, a lokacin da gwamnati ke ƙoƙarin cika alƙawarin ƙara kuɗin shiga da ta ɗaukar wa IMF, a shekarar da fari da fara suka riga suka cinye amfanin gona. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, da Nouhou Arzika a gaba, ya cika titunan Yamai ranar 15 ga Maris. Mako guda bayan nan aka yi abin da suka kira mataccen gari: kasuwa a rufe, tasha ba mota. An kama shugabannin, ciki har da Morou Amadou da Moussa Tchangari. Cikin Afrilu gwamnati ta janye harajin daga madara da fulawa, ta sassauta na ruwa da wuta ga masu ƙaramin ƙarfi. Wanda aka haifa a wannan shekara yau ya isa aure. Ya san Siyatil idan ya leƙa intanet, domin an ɗauka an adana. Na gidansu kuwa sai in ya dace da dattijon da ya taka a ranar.

A arewa ne fim ya yi abin da ya kamata, kuma a Arlit ya yi shi. An kafa kamfanin haƙar ma'adinai na SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ta biyo a Akokan, ta fara a 1978. Gari ya tashi a tsakiyar hamada, albashi na zuba, jirage na sauka, har ana kiransa Faris ta biyu. Wannan laƙabi Idrissou Mora-Kpai, ɗan Benin, ya ɗauka ya sa wa fim ɗinsa, Arlit, deuxième Paris, da aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2005. Ya bi wani dattijo ɗan ƙasarsu da ya ci ƙuruciyarsa a Arlit, ya koma ganin ɗansa da sauran abokai. Garin da suka tarar jira kawai yake yi. Tsofaffin ma'aikata na lissafa waɗanda suka rasu da ciwon da ba a gaya musu sunansa ba, matasa daga kudu na jiran motar Aljeriya. Babu tuta, babu taken zanga-zanga. Mutane ne zaune a ƙofar gida suna magana a hankali, mai kyamara ya yi haƙuri ya bar su suka gama.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka 'yar gida ta ɗauki kyamarar. Amina Weira ta tashi a can, mahaifinta ya shekara talatin da biyar yana aiki a ma'adinin. Fim ɗinta na 2016, La Colère dans le vent, wato fushi cikin iska, ya fuskanci matsalar da duk mai son ɗaukar wannan labari zai fuskanta: gubar yuraniyom ba ta da launi, ba ta da wari. Ana iya ɗaukar ɗan sanda yana dukan mai zanga-zanga. Ta yaya za a ɗauki abin da ke shiga huhu a hankali cikin shekara ashirin? Sai ta ɗauki iska. Ta ɗauki guguwar da ke tasowa ta rufe gari, ta shiga ɗaki, ta sauka a kan kwano. Ta nuna tarkacen ƙarfen da ke fitowa daga wurin haƙa, maƙera su mayar da shi kayan amfanin gida. Ta zauna da mahaifinta da tsaransa tana tambaya kamar yadda 'ya ke tambayar uba, da ladabi, amma ba ta janye tambayar ba. A ganina wannan zama ya fi kowane jawabi ƙarfi, domin mutumin da ake tambaya da albashin kamfanin ya ciyar da mai tambayar, kuma dukansu biyu sun san haka.

Abin da kyamara ba ta iya gani, na'urar awo ta gani. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAÏR, ya kafa ƙungiyar Aghir In'Man a farkon shekarun 2000 bayan ya ga abokan aikinsa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa a Disamban 2003, aka ƙwace manyan na'urorinsu a filin jirgin Yamai, suka yi aiki da ƙananan da suka rage. Greenpeace ta zo a Nuwamban 2009. Rahotonta ya ce huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata, kuma a wani titi na Akokan awo ya kusa ninka abin da aka saba samu sau 500. Kamfanin Areva na Faransa mai haƙar ma'adinin, wanda ya koma Orano a 2018, ya musanta cewa aikinsa na cutar da jama'a, ya kuma buɗe cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a 2011. Ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, wadda da ita aka tsara cibiyar, ta janye a ƙarshen 2012 tana cewa abin bai kai inda aka yi alƙawari ba. A wannan shekara wata kotu a Faransa ta ɗora wa Areva alhakin mutuwar wani Bafaranshe da ya yi aiki a COMINAK, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. Ko ba komai, iyalinsa sun samu alƙalin da ya saurare su.

Sai batun kuɗi. A 2013 Oxfam da ROTAB, ƙungiyar da Ali Idrissa ke jagoranta, suka fitar da lissafin cewa daga yuraniyom na kusan sefa biliyan 2,300 da aka fitar zuwa 2010, abin da ya shiga baitulmalin Nijar bai wuce biliyan 300 ba, kashi 13 cikin 100. Matasa sun fito tituna, a Mayun 2014 aka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya da ta amince da dokar ma'adinai ta 2006. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tulin shara mai guba da ya kai kusan tan miliyan 20 a gefen Akokan. Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Arlit ta yi shekara hamsin a kan hanyar da Azelik bai yi ko goma ba.

A nan nake rabuwa da wasu abokaina masu karatun boko, waɗanda idan an ce gwagwarmayar gurguzu sai su nemi jar tuta da littafin Karl Marx. Kalmar gurguzu tamu ce tun kafin a fassara mana wani da ita. Bafulatani yana da haɓɓanaaye: ka ba ɗan'uwanka da ya rasa dabba aron saniya, ya sha nono, ya riƙe 'ya'yan da ta haifa, ya dawo maka da uwar. Manomi yana da gayya. Filin Irhazer kansa ba na kowa ba ne, shi ya sa ya zama na kowa, kuma baƙon da ya iso rijiya da dabba mai ƙishi ba a korarsa. Lasar gishiri taro ne na masu dukiya ɗaya da ba a raba ba. Idan aka zo da takarda daga Yamai aka kewaye wani yanki da waya, tsari biyu ne suka yi karo: wanda ke ganin ƙasa abin wucewa ce a bar wa na baya, da wanda ke ganin ta abin da za a kwashe kafin farashi ya faɗi. Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010, wadda ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suka daɗe suna nema, ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Tirjiyar makiyayi ba ta kama da maci a titi. Wani lokaci tafiyar kwana biyu ce zuwa wurin hakimi, ko ƙin karɓar diyya, ko komawa rijiyar da aka ce a bari. Mai kyamarar da ya zo kwana uku ba zai gan ta ba.

Su ma fina-finan gwagwarmaya suna da nasu laifin, kuma ɓoye shi ba taimako ba ne. Darwin's Nightmare na Hubert Sauper, na 2004, a kan cinikin kifin tafkin Biktoriya, ya girgiza Turai, amma a Tanzaniya ya tayar da ƙura, har shugaban ƙasa Jakaya Kikwete ya yi tir da shi, wasu da suka yi magana a ciki suka shiga tsaka mai wuya bayan mai fim ya tafi. A namu yankin kuma idon baƙo ya fi son rawani da jita da bindiga. Fim ɗin Ron Wyman na 2010 a kan mawaƙi Bombino da tawaye ya kai kiɗan Agadas nesa, ina kuwa murna da hakan. Sai dai wakilin ma'aikata da ke zaune da takardar albashi, ko macen Tegidda da ke lura da ɗanɗanon ruwan marmaro, ba su da kyan hoto irin na ɗan tawaye a kan tudun rairayi, alhali su ne za su kwana a wurin. Ga kuma haɗari na zahiri. A 2007 an tsare ɗan jarida Moussa Kaka, da Ibrahim Manzo Diallo na jaridar Aïr Info ta Agadas, da Faransawa biyu masu yi wa tashar Arte aiki, duk a kan labarin arewa. Faransawan sun koma gida bayan kusan wata guda. Moussa Kaka ya haura shekara a tsare.

Babbar matsalar ita ce inda fim ke zuwa bayan an gama shi. Kuɗin yin sa yawanci daga Turai yake fitowa, can ake fara nuna shi, da rubutun fassara na Faransanci ko Turanci a ƙasa. Mutumin Ingall mai jin Tasawak da Tamajak da Hausa, ko Baɗaaɗo mai Fulfulde, shi ne na ƙarshe a layi. Fim ɗin da ke ƙorafin an kwashe ma'adini an kai waje, shi ma sai a kwashe labari a kai waje. Sani Magori ya nuna akwai wata hanya. A fim ɗinsa na albasar Galmi, na 2008, da Kukan Kurciya da ya biyo baya, ya ɗauki danginsa da mutanen garinsu suna magana da Hausarsu a kan farashi da bashi da ci-rani, ta yadda manomin Galmi zai kalla ya gane kansa ba tare da tafinta ba. Aïcha Macky ta yi haka da matasan unguwar Kara-Kara a fim ɗinta Zinder na 2021.

Tun juyin mulkin Yulin 2023 al'amura sun juya. An karɓe izinin haƙar ma'adinin Imouraren daga Orano a Yunin 2024, a Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Na fahimci masu murna, domin ƙasar da ma'adininta ya haska biranen wasu alhali ita tana sayen wuta daga Najeriya tana da dalilin ɗaga kai. Amma tulin Akokan na nan inda yake, iska kuma ba ta daina kaɗawa ba. Azelik ma bai taɓa zama na Faransa ba, kuma gwamnatinmu na da kashi ɗaya cikin uku a cikinsa lokacin da ma'aikata da makiyaya ke kuka. Tambayoyin da Alhacen ya yi wa Areva suna jiran duk wanda ya gaji ramin, ɗan ƙasa ne ko baƙo: wa ke auna ruwa, wa ke ganin sakamakon, wa zai biya asibiti, wa zai rufe rami idan an tashi. Masu irin wannan tambaya kuwa ba su taɓa samun sauƙi ba. An kulle Ali Idrissa da Arzika da Tchangari a 2018 a kan dokar kasafin kuɗi, a Disamban 2024 aka sake kama Tchangari a Yamai.

Marigayi mai shirya fim Moustapha Alassane ya yi shekaru yana yawo da na'urar majigi ƙauye-ƙauye, yana kafa farin ƙyalle inda babu gidan silima. Abin da nake fata a Ingall bai fi wannan tsada ba. A daren lasar gishiri, bayan an tashi daga rawa, a rataya ƙyalle a bangon makaranta, a nuna fim ɗin Amina Weira, wani ya tsaya da lasifika yana juya maganar zuwa Tasawak da Tamajak da Fulfulde, tsofaffin ma'aikatan Arlit da na Azelik su zauna a gaba su amsa tambayoyin makiyaya. Sa'annan kafin injunan Azelik su koma aiki gadan-gadan, matasan garin, waɗanda kusan kowannensu ke da waya mai kyamara a aljihu, su bi rijiyoyi da marmaro ɗaya bayan ɗaya. Su ɗauki zurfin igiyar guga, su ɗauki launin ruwan a cikin ƙwarya, su sa mai rijiyar ya faɗi sunanta da sunan wanda ya haƙa ta da yawan garken da ke sha a rana, su rubuta kwanan wata. Su ɗauki ramukan gishirin Tegidda da gonakin dabinon Almadina yadda suke a bana. A ajiye kwafi ɗaya wurin sarkin gari, ɗaya wurin ƙungiyar makiyaya, ɗaya a gidan rediyo a Agadas, baɗi a sake zagayawa da guga ɗaya da ƙwarya ɗaya.